Ba a Taɓa Injin Wata

Shekara goma sha ɗaya na yi ina saƙa rigunan sanyi na 'yan makaranta a wani ɗan kamfani da ke cikin wani lungu a bayan unguwar Abattoir a Jos. Mu goma sha takwas ne, duk mata, a dogon ɗaki ɗaya mai rufin kwano, wanda idan ruwan Agusta ya sauko sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki. Injinan na hannu ne, irin waɗanda ake zama a gabansu ana tura kansu dama da hagu tun safe har la'asar. A Jos ba a rasa mai neman rigar sanyi, amma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da makarantu ke shirin komawa, ko ruwa a gurguje muke sha.

Wadda injinta ke jikin nawa wata Ibo ce da kowa ke kira Anti. A Jos aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwarmu Rikkos sauri, sai dai "kai" take ce wa kowa, mace da namiji, na yi gyara har na gaji na ƙyale ta. Mijinta yana da shagon takalma a babbar kasuwar Terminus kafin gobarar da ta cinye kasuwar. Bayan gobarar bai sake miƙewa ba har rai ya yi halinsa, ya bar ta da yara huɗu, kuma da wannan injin ta ciyar da su ta sa su makaranta. Ita ta koya mini aikin. Ranar da na fara zuwa allura shida na karya kafin azahar, na zauna ina share hawaye da gefen mayafi. Ta zo ta ture ni gefe, ta canza su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in daina tura injin kamar ina dambe da shi. Tun daga ranar ƙanwata take kirana.

Muna da wata al'ada a ɗakin nan da ba wanda ya taɓa rubuta ta. Idan azumi ya kama, mu Musulmi ƙarfe uku muke tashi mu tafi girkin buɗa-baki, Kiristoci su ƙarasa mana abin da ya rage a kan injinanmu. Idan aiki ya yi yawa har aka ce a fito ranar Lahadi, mu za mu fito, su su tafi coci. Makon Kirsimeti aikin namu ne, ranakun Sallah nasu. Haka biki, haka suna, haka ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi. Kowane ƙunshin aiki kuma ana maƙala masa 'yar takarda mai lambar mai injin. To mu a wurinmu, idan kin yi wa wata aiki, lambarta za ki sa. Aikinta ne, hannunki kawai ta ara. Ki sa lambarki a kan abin da kika yi wa 'yar'uwarki, wannan abin kunya ne, kamar ki kai wa maƙwabciya abinci ki tsaya sai ta yi miki godiya a gaban mutane.

Ban da wannan akwai ƙananan taimako da ba ma ko lura muna yi. Idan za a fara sabuwar riga sai an rataya wani dogon matajin ƙarfe a ƙasan allurai. Mutum ɗaya yana iya yi, amma da biyu ya fi sauri nesa ba kusa ba. Idan dunƙulen zarenki ya kusa ƙarewa, ta kusa da ke za ta miƙo hannu ta ɗaura miki sabo ba sai kin tsaya ba. Idan allura ta karye, Anti ake kira. Akwai kuma wata tsohuwa 'yar asalin Filato da muke ce wa Kaka, hannunta ya fi na kowa daidai, amma idanunta sun yi rauni, idan zare ya suɓuce daga bakin allura ba ta gani. Duk wadda ke kusa da ita za ta dinga leƙawa, da ta hango sai ta tashi ta maido mata shi. Hajiya mai kamfanin ta san duk wannan, don ita ma a kan inji ta fara.

Sai Hajiya ta kwanta ciwo, 'yarta ta ɗauke ta zuwa Abuja, ta kawo mana manaja. Matashi ne tsaf-tsaf, wai a wata babbar masana'anta ya yi aiki a Legas. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya gyara rufin da ke yoyo a kan injin Kaka, ya ƙara mana fitilu, ya gyara bayi. Amma bawan Allahn nan bai taɓa tura kan inji ko sau ɗaya ba, bai kuma taɓa tambayarmu yadda muke yi ba. Mako biyu da zuwansa muka tarar da takarda manne a bango kusa da agogo. Ba a taɓa injin wata. Ba a musayar rana. Duk wadda za ta yi fashin aiki ta rubuto takarda kwana uku kafin ranar. Wadda ta karya ɗaya daga ciki, sallama.

Ya tara mu ya yi bayani, rabi da Turanci rabi da Hausa, cewa idan riga ta lalace yana son ya san wadda ta lalata ta. Ni da bakina ba ya shiru na ɗaga hannu na tambaye shi ko ita ma mutuwa za ta dinga aiko takarda kwana uku kafin ta zo. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce idan an kai nan za a duba. Muka ɗauki takardar kamar kalandar bango. Da yake rabin yini yana waje, wai ganin kwastomomi, sai muka ci gaba da abinmu, idan an ji ƙarar motarsa kowa ta janye hannunta.

Wata Talata cikin Agusta, wajen ƙarfe goma na safe, yayana ya kira ni ya ce Innarmu ta rasu. Lafiyarta ƙalau na leƙa ta da safen, har ta yi mini faɗa don ban ɗauki lema ba. Ya ce jana'iza bayan azahar, in yi sauri in samu wankan. Ban san lokacin da wayar ta faɗi daga hannuna ba. A kan injina kuwa akwai ɓangaren baya na wasu riguna ja mai duhu na wata makaranta da za a zo ɗauka da yamma, kuma injina kaɗai aka saita wa irin wannan zaren. Manaja ba ya nan, aka kira wayarsa a kashe. Anti ta ɗauko mayafina ta yafa mini, ta cusa mini jakata a hannu.

"Ka tafi, ƙanwata. Aikinka yana hannuna."

Ta raka ni har titi ta tare mini keke.

Da yamma duk matan suka zo gaisuwa. Washegari Anti ta dawo ita kaɗai da kular shinkafa, ta ɗaura ɗankwali, ta shiga cikin dangina tana wanke kwanuka kamar a gidan aka haife ta. Ranar Larabar ta zo, Alhamis ta zo, Juma'a ma ta zo, tun hantsi har la'asar. Ni da ke cikin ruɗewa ban tambayi kaina ba yadda aka yi mai aikin kamfani take zaune a Rikkos da hantsin Laraba, cikin watan da ko numfashi ba ma samu. Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina.

Ranar Litinin na koma aiki, na tarar da injin Anti a rufe da leda. Na gaishe su, suka amsa kowa kanta a sunkuye. Kaka ce ta jawo ni gefe ta gaya mini. Manaja ya dawo da la'asar ranar Talatar ya tarar da Anti a kan injina. Ta riga ta gama nata, ta gama nawa, makarantar ta karɓi kayanta babu riga ɗaya da ta ɓaci. Ya duba takardun ya ga lambata a kan aikin da aka yi bayan na tafi. Ya ce wannan ƙarya ce a rubuce, zamba ce. Ta yi masa bayani cewa haka muke yi tun zamanin Hajiya, ya ce ai shi ya sa aka kawo shi. Washegari da safe ya miƙa mata takardar sallama. Ita kuma ta roƙi matan kada wadda ta gaya mini sai na tashi daga zaman makoki.

Ko jaka ban ajiye ba na nufi ofishinsa. Ya miƙe ya yi mini ta'aziyya mai kyau, har da addu'a, abin da ya ƙara hura mini wuta. Na ce masa ba Anti ce ta yi laifi ba, ni ce na tafi, kuma kamfani bai yi asarar ko zare ɗaya ba. Ya saurare ni yana juya biro a hannu.

"Ke ma kin karya doka, kin tafi ba takarda. Na tausaya miki ne saboda rasuwar."

"Yallaɓai, ita da ta tausaya mini fa?"

Ya ce wannan daban. Idan ya yafe wa ɗaya, gobe kowa za ta yi, dokar ta mutu. Na san halina, idan na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da zai sa a kore ni a banza, don haka na juya na fita ban rufe masa ƙofar ba.

Da aka tashi na wuce ɗakin hayar Anti. Na same ta a bakin ƙofa tana tsince wake a faranti, tana ganina ta hau dariya, wai hutu aka ba ta, dama bayanta ya daɗe yana roƙo. Ta ce za ta fara tuyar ƙosai a bakin titi. Mace mai shekara goma sha huɗu a kan inji, babban ɗanta yana shirin jarrabawar gama sakandare, ita ce za ta je ta yi gasa da masu ƙosan unguwar da suka shekara ashirin a wurin. Na bar ta ta gama dariyarta, sannan na rantse mata da Allah cewa sai ta koma kan injin nan. Ta daina tsince waken, ta ce in kiyaye, kada in yi wasa da abincina. Maigidana ma, da yake direban motar haya ne ya ga irin wannan da yawa a tasha, haƙuri ya ba ni, ya ce mai kora ba ya dawowa da wanda ya kora. Na kira wayar Hajiya, 'yarta ta ɗauka, ta yi mini gaisuwa, ta ce ta bar komai a hannun manaja.

Washegari ina kan inji na ji manaja ya daka wa wata tsawa don ta miƙa hannu ta ɗaura wa ta kusa da ita zare. Ya nuna takardar bango ya ce ko ba ma iya karatu ne. A nan abin ya faɗo mini. Dokar nan da yake taƙama da ita bai taɓa ganin ta tana aiki ba, don duk sanda ya fita mu muke ajiye ta mu yi masa aikinsa. To bari mu ba shi ita cikakkiya.

Lokacin cin abinci, muna zagaye da tukunyar gwate a bayan ɗakin, na faɗa musu. Wasu suka ce a yi yajin aiki kawai. Na ce a'a, yajin aiki hujja ce za mu ba shi ya kore mu. Za mu zo a kan lokaci, mu yi aiki iya ƙarfinmu, amma kada wadda ta taɓa injin wata, yana nan ko ba ya nan. Ba a korar mutum don ya bi doka. Kowa dai tana da abin tsoro a gida. Can wata ta ce, to Kaka fa? Duk muka juya muka kalle ta. Wallahi ni ban yi tunanin Kaka ba sai a lokacin, kuma na ji kunya. Tsohuwar ta lashe cokalinta ta ajiye.

"Shekara nawa kuna ba ni aron ido? Zan iya mako biyu babu."

A haka aka tsaya.

Ban taɓa sanin yawan abin da Anti ke yi ba sai da muka daina ɓoye rashinta. Da, idan allura ta karye bayan tafiyarta, sai mu biyu ko uku mu taru mu lallaɓa mu canza. Yanzu kuwa mai injin za ta rubuta a takarda, ta kai teburin manaja, ta dawo ta naɗe hannu. Idan ya dawo da la'asar sai ya kira makanike daga Terminus, shi kuma makaniken sai washegari, wani lokaci sai jibi. Kafin mako ya zagayo inji biyar suna zaune. Matajin ƙarfen da muke ratayawa cikin ƙiftawar ido, kowa sai ta yi ta fama da shi ita kaɗai, ta kusa da ita tana kallo. Da aka ce a fito ranar Lahadi, Kiristocin da jadawali ya faɗo a kansu suka rubuto takardunsu tun ranar Alhamis cewa suna da coci, mu kuma da ba ranarmu ba muka zauna a gida, tunda ba a musayar rana.

Ba zan ce abin ya yi mini daɗi ba. Ranar da ta fi mini zafi ita ce ranar da na hango zare ya suɓuce a injin Kaka. Daga inda nake ina ganin ramin yana tsawo yana gangarawa, ita kuwa tana ta tura injinta hankali kwance. Hannuna har ya ɗago da kansa, na danne shi a cinyata. Ta saƙa bayan riga guda da rami tun daga kafaɗa har ƙasa. Manaja ya zo ya ɗaga shi a gaban kowa, ya yi mata faɗa kamar 'yar cikinsa, matar da ta haifi irinsa. Ta karɓa ta hau warwarewa. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska, na fito na ci gaba da rashin taɓa injin kowa.

Sai kuma na ƙara da nawa neman maganar. Kullum da safe nakan kai wa manaja takarda cewa ina neman izinin fashi nan da kwana uku, ko da wani nawa zai rasu a ranar, tunda ba a sanar da ni da wuri. Na so duk mu yi, amma matan suka ƙi, suka ce ba za su yi wa iyayensu wannan fatan ba. Gaskiyarsu ce. Ni tawa uwar ta riga ta tafi, don haka ni kaɗai na dinga rubutawa. Ta farko ya yaga ta a gabana. Daga ta biyu ya daina yagawa, sai ya karɓa ya sa a fayil. Na ɗauka na ci galaba ne, ban tsaya na tambayi kaina abin da yake tara su ya yi da su ba.

A mako na uku wayarsa ba ta hutawa. Wata shugabar makaranta ta zo da kanta da motar makarantar, ta tsaya a tsakar gida cikin yayyafi tana tambayar ina rigunan 'ya'yanta, ga hutu ya ƙare. Makarantu biyu suka kwashe aikinsu suka kai wani wuri. Ya daina fita ganin kwastomomi, ya koma zagaye tsakanin injina, amma me zai kama? Kowa tana kan injinta, kowa lambarta ce a kan aikinta. Ya kira ni ofis ya ce ya san ni ce, kuma idan na yi wa matan magana zai naɗa ni shugabar ɗaki. Na ce ya nuna mini doka ɗaya da muka karya. Bai nuna ba. Na ce to ni ba ni da maganar da zan yi musu, amma idan Anti ta dawo wataƙila allurai su daina karyewa haka.

Ranar Asabar 'yar Hajiya ta iso daga Abuja ba sanarwa. Ta shigo ta tsaya tana kallon injinan da ke zaune. A ɗakin nan ta yi wasa tana ƙarama, yawancinmu mun san ta tun tana zuwa da kayan makaranta. Ta tambayi abin da ke faruwa, ni dai na bar wa wata amsar, don na san idan na buɗe baki zan ɓata. Kaka ce ta yi magana. A hankali ta faɗa mata yadda ake azumi da Kirsimeti a ɗakin nan, da yadda ake sa lamba, da abin da ya faru ranar Talatar da Innata ta rasu. Ta ce Hajiya da kanta ta taɓa ƙarasa mata aiki ranar da aka kai mijinta asibiti, kuma lambar Kaka ta sa. 'Yar Hajiya ta gama saurara. Sannan ta je bango ta cire takardar, ta ce a kira Anti a gaya mata ta dawo ranar Litinin.

Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Ina cikin haka ta ce in biyo ta ofis.

Manaja yana zaune, a gabansa ga fayil ɗin takarduna, a gefe kuma ga tarin bayan riguna. 'Yar Hajiya ta ce ba za ta ɓoye mini ba, makarantu biyun da suka tafi sun tafi ke nan har baɗi, kamfanin ba zai iya riƙe mutum goma sha takwas ba, dole a rufe inji ɗaya. Ta tambayi manaja wa yake gani. Ya jawo tarin rigunan ya fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Duk masu rami ne, na mako ukun nan, wasu ma bai bari an warware ba ya ajiye. Kowace ɗaya lambar Kaka ce a jikinta, daidai yadda doka ta ce. Ya ce shi ba shi da komai da tsohuwar, amma ga shaida, ita ce ta fi kowa ɓata aiki.

Ni na haɗa masa shaidar nan da hannuna, ranar da na danne shi a cinyata. Na kalle shi, shi kuma bai kalle ni ba, fayil ɗin takarduna yake kallo. Na gane sarai ba Kaka yake nema ba. Ya san ba zai iya korata don na bi doka ba, ya kuma san abin da zan ce idan ya taɓa tsohuwar. Na ga tarkon ƙarara, na kuma shiga da idona a buɗe.

"A bar Kaka. Ni zan tafi."

'Yar Hajiya ta ce in je in yi tunani zuwa Litinin. Na ce idan na yi tunani zan canza, gara a rubuta yanzu. Abu ɗaya na roƙa, kada a gaya wa Kaka yadda aka yi, a ce ni na nemi tafiya. Ta amince. Manaja ya buga takardar da kansa, ya ma yi mini fatan alheri.

Kada wani ya ɗauka ni waliyyiya ce. Ranar Lahadin nan na yini a ɗaki ina zagin bakina da zuciyata. Maigidana bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Yarana uku, ga haya, ga shi ban iya komai ba sai saƙa. Sau biyu na ɗauki waya zan kira Abuja in ce na yi tunanin, sau biyu na ajiye. Sai bayan watanni na samu wani tsohon inji na kafa a ɗakina, amma a ranar ban san zan samu ba, tsoro kawai nake ji.

Litinin na yi sammako don in kwashe kayana kafin mutane su taru, almakashina da butata da silifas ɗin da nake sawa a ciki. Ashe Anti ta riga ni. Ta ci ado da zanen da take zuwa coci da shi, ta cire ledar injinta tana goge shi da tsumma tana 'yar waƙa. Tana ganina ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, tana cewa ƙanwata ta cika alkawari. Sai ta ga ina tura buta a cikin jaka. Ta tambaye ni ina za ni. Na ce na gaji da aikin ne, ina son in huta. Ta tsaya tana kallona, ta kalli ƙofar ofis, ta sake kallona. Anti ba yarinya ba ce. Ta ajiye tsumman, ta ɗauki jakarta ta rataya.

"To mu tafi tare."

Matan sun fara shigowa, Kaka tana daga cikinsu. Na kama kafaɗun Anti biyu na danna ta a kan kujerarta, na sunkuya daidai kunnenta yadda ba wadda za ta ji.

"Wallahi Anti, in kika tashi daga kujerar nan kin sa na rasa aikina a banza, kuma ba ni ba ke."

Ta yi ƙoƙarin miƙewa, na sake danna ta. Hawaye suka zubo mata har kan zanen cocin. Na zare jakar daga kafaɗarta na rataya a ƙusar da take ratayawa, na ɗauko hannunta na ɗora a kan injin. Can ta tura shi dama, ta dawo da shi hagu. Na tsaya a bayanta ban tafi ba, don na san halinta. Sai da na ga ta kai layi na goma sannan na ɗauki jakata na fita.